Mataimakin Likitan Haƙori: Wa Ke Magana Da Yawunsa?

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana wa barci ya san darajar likita. Amma in ka shiga sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Asibitin Ƙwararru na jiha, ba likita kaɗai za ka tarar ba. Akwai wani ma'aikaci, ko ma'aikaciya, wanda zai zaunar da kai bisa kujera, ya kawo kayan aikin da ya riga ya dafa, ya kwaɓa abin cike ƙogon haƙori, ya miƙa wa likita, sa'an nan in an gama ya gaya maka abin da za ka ci da wanda za ka ƙaurace wa. Wannan shi ne mataimakin likitan haƙori. Jama'a su kan ce masa malamin asibiti kurum, su wuce.

To, aikinsa ba ƙarami ba ne. Ƙarfen da ya shiga bakin wani, in ba a dafa shi sosai ba, yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau ya kai bakin na gaba. Watau lafiyar mai jinya a hannun mutum biyu take, amma ɗaya ake gode wa.

Ga yadda doka ta raba ma'aikatan haƙori a ƙasar nan. Likitoci suna da majalisarsu tun 1963, wadda aka sake wa tsari a 1988. Masu ƙera haƙoran roba sun sami hukumarsu da Dokar Soja mai lamba 43 ta 1987. Masu wanke haƙora da kula da dasashi kuwa sun sami tasu da Doka mai lamba 81 ta 1993. Mataimakan likita fa? Su ba su da hukuma ta kansu. Wannan hukuma ta 1993 ita ke yi musu rajista, ita ke ba su lasin, ita ce kuma ke duba makarantunsu, amma sunan wasu take ɗauke da shi. Baƙi ne a gidan da suke biyan haya.

Kada wani ya ce ai suna linzami ne kawai. A wurin hukuma ake yanke abin da ɗalibi zai karanta, da irin aikin da aka yardar wa ma'aikaci ya yi, da horon da za a yi masa in ya yi laifi. Wanda ba shi da tabbatacciyar murya a nan, sai dai a yi masa aski ba ya nan. A Ingila, tun 2008 aka tilasta wa irin waɗannan mataimaka yin rajista a majalisa guda da likitocin haƙori, kowa da sunan sana'arsa a littafi. Mu ma ya kamata, in an tashi gyaran dokar 1993, a rubuta sunan mataimaka ɓaro-ɓaro, a kuma ba su kujerar da su da kansu za su zaɓi mai zama a kai.

Abin ya fi damun jiha irin Gombe. Tun da aka cire ta daga Bauchi a ran 1 ga Oktoba, 1996, ƙananan hukumomi 11 gare ta, likitocin haƙori kuwa a birni suka fi taruwa. Mutumin Dukku ko Nafada ko Shongom sau da yawa ƙaramin ma'aikaci zai fara gani. Ga kuma cutar nan mai cin fuskar yara wadda likitoci ke kira noma, wadda ta sa aka buɗe asibiti musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba, 2023. Daga dasashi take farawa. Ma'aikacin da ya san aikinsa, in ya gan ta da wuri ya tura yaron asibiti, ya ceci rai.

Saura ku 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu. Da yawanku da guminku kuke aiko da kuɗin makarantar yara gida. In yaro ya ce zai karanta aikin haƙori, a Kaltungo ne ko a wani gari, kafin ku biya ko kwabo ku sa a binciko ko hukumar ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar. In ba ta amince ba, ba lasin, ba aikin gwamnati, an yi asarar shekaru da dukiya.

Haka nan in haƙori ya matsa muku a can, ku guji masu awartaki na bakin tasha. Ku tafi asibiti, kuma ba rashin kunya ba ne ku tambayi mai sa muku hannu a baki ko yana da rajista. Mai takardar gaskiya ba zai ji haushi ba, murna ma zai yi da an san da zamansa.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.