Ɗigon Baƙin Mai a Ƙarƙashin Mota: Abin Lura Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota ta hannu ya san yadda ake yi. A zagaya ta sau biyu ko uku, a ƙwanƙwasa jikinta a ji ko an yi ciko, a bugi taya da ƙafa, a kunna rediyo, sannan a zauna ciniki. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, alhali kuwa a can ne motar take faɗin gaskiyar halin da take ciki.

Kwanakin baya na raka wani ƙanena, malamin sakandare da yake koyarwa a Shinaka ta ƙaramar hukumar Goronyo, zuwa wata mahadar dillalan motoci a cikin Sakkwato. Shekara huɗu yana tari, ya haɗa da kuɗin albasar da ya noma a fadama. Idonsa ya faɗa kan wata jar mota mai ƙofa biyu, irin waɗanda aka ƙera don gudu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Da aka buɗe bonet sai ga inji tas, yana ƙyalli kamar yau ya fito daga masana'anta. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka ga ko ƙura babu." Na ce masa abin da ya dame ni ke nan. Motar da ta shekara fiye da goma tana aiki, ta kuma biyo hanya tun daga bakin teku, ba ta da dalilin rasa ƙura sai in wanke ta aka yi da gangan. Na roƙi dillalin ya bari a tayar da ita ta yi zafi sosai, sannan a shimfiɗa mata kwali a ƙarƙashi ta kwana a kai. Ya yi dariya ya ce, "Dakta, mota ce fa, ba maras lafiya ba." Amma ya yarda.

Aikin mai a cikin inji

Ɗalibin da ya karanta yadda jini yake zagaya jiki ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. A ƙasan inji akwai kwano inda mai yake taruwa, lita 4 zuwa 5 a yawancin ƙananan motoci. Akwai famfo mai aikin zuciya, wanda yake tura man ta cikin 'yan siraran hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe yake gugar ƙarfe, akwai kuma filta mai tace datti kamar yadda ƙoda take yi. Babban sandan da fistin suke juyawa, wanda makanikai suke kira karanshaf, yakan juya sau 3,000 a minti ɗaya idan ana tafiya kan babbar hanya, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Abin da ya raba shi da mazauninsa ɗan shimfiɗen mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. In wannan shimfiɗe ya yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe, zafi ya tashi, cikin 'yan mintoci sai a ji an ce inji ya buga.

Sai dai a nan kamancen ya tsaya. Jikin mai rai yana toshe rauninsa da kansa, jini ya daskare, ɓargo ya ƙera sabo. Inji ba ya yin ko ɗaya. Abin da ya zuba ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, jar fitilar nan mai siffar buta da take gaban direba ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Kafin ta kama, sau da yawa ɓarna ta riga ta soma.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin mutane suna raina ɗigo. Kimanin ɗigo 20 ne suke cika mililita ɗaya. Injin da yake zubar da ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa 10 zai zubar da ɗigo 360 a awa, wato mililita 18. Motar haya mai aikin awa 8 a yini za ta yi asarar mililita 144 kullum, a mako huɗu kuwa lita 4 cur. Kwanon ya ƙafe ke nan. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma inji kan mutu.

Me ya sa tsohuwar mota take yoyo?

Inji ba ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa ne aka ɗaure da kusoshi. Tsakanin kowace gunduwa da 'yar'uwarta akwai gasket, inda kuma sanda mai juyawa ya fito waje akwai zoben roba da ake kira sil. Roba kuwa tana tsufa. Zafi yana busar da ita, ta yi tauri, ta tsage, kamar takalmin roba da aka manta a rana. Malaman kimiyya suna koya wa ɗalibai cewa ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin sauyin sinadarai. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan tsufan roba da lalacewar mai. Motar da ta yi rayuwarta a sanyin Jamus ko Kanada, aka kawo ta ƙasar Sakkwato inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai cin bakin sil kamar sanfefa, ba abin mamaki ba ne ta fara yoyo a shekararta ta farko.

Irin waɗannan motoci kuwa su ne muke saye. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka aka kawo su. Su ne muke kira 'yan Kwatano, saboda tashar jiragen ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin da aka daɗe ana sauke su.

Motar gudu ta fi sauran haɗari ta wannan fuska, kyan ɗan maciji gare ta. Injinta ya fi zafi, ya fi juyawa da sauri, wanda ya mallake ta da farko kuma ba don zuwa kasuwa ya saye ta ba. Da yawansu suna da tabo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska, wadda ita ma mai take sha, kuma wata kafar yoyo ce. Ga cikinsu a ƙasa: dutse ɗaya a hanyar ƙauye tsakanin Rabah da Wurno ya isa ya fasa kwanon mai. Akwai ma waɗanda cin mai yana cikin ƙirarsu. Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, injinta ba na fistin ba ne, kuma da gangan yake fesa ɗan mai a ɗakin ƙuna. Wanda ya saye ta bai san haka ba, ya jira lokacin juye kafin ya duba mai, zai kashe ta ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba.

Yadda ake karanta ɗigo

Abu na farko shi ne a zo wa mota da sanyin safiya, kafin kowa ya tayar da ita. A taɓa injin da hannu. In da ɗumi, an riga an tayar, wataƙila don ɓoye hayaƙin farko. A sa wani ya tayar, mai saye ya tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta mai yana ƙuna a ciki, ko dai ringi sun cinye ko robobin bawul sun bushe. Wannan yoyo ne na ciki, kuma ya fi na waje tsadar gyara.

Sai a zaro geji, wato sandan awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Baƙin mai ba laifi ba ne, aikinsa ne kwashe datti. Abin tsoro shi ne mai mai kamar an dama shi da madara, musamman in ruwan lagireto ma yana raguwa ko yana da maiƙo a sama: ruwa da mai sun haɗu, gasket ɗin kan silinda ya ƙone ke nan. Haka kuma man da ya yi kauri kamar zuma a injin da aka rubuta wa mai tsinkakke. Lambobin nan da ake gani a jikin galan, 5W-30 ko 20W-50, kauri suke nunawa, kuma wasu masu sayarwa sukan zuba mafi kauri don yoyo da ƙara su lafa har a gama ciniki.

Daga nan sai kwali. Launi yana faɗar asali: baƙi ko ruwan ƙasa man inji ne, ja sau da yawa na giya ne mai canja kanta, kore ko ruwan hoda ruwan lagireto ne, farin ruwa maras maiƙo kuwa gumin na'urar sanyi ne kawai. Amma wurin ɗigo ya fi launinsa muhimmanci, kuma a tuna mai ƙasa yake bi, iska kuma tana kora shi baya, don haka a bi sawunsa da tocila zuwa wuri mafi tsawo da ya jiƙe. In daga marfin saman inji ne, gyaran awa ɗaya ne, sai a rage kuɗinsa a ciniki. In daga kushin juye ne ko bakin filta, ya fi haka sauƙi. In kuwa daga mahaɗar inji da giya yake, to sil ɗin bayan karanshaf ne: robar ba ta da tsada, amma sai an sauke giyar gaba ɗaya kafin a kai gare ta. Idan aka ga inji yana gumin mai ta ko'ina, a duba 'yar hanyar da yake shaƙar numfashi. In ta toshe, iskar da ta taru a ciki ita take turo man waje. In ba ta toshe ba, injin ne ya gaji. Gam ja ko baƙi da aka shafe gefen kwano da shi kuwa shaida ce cewa wani ya riga ya yi fama da wurin.

Ba sai an faɗa ba, hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni a 'yan shekarun nan ba wurin da mutum zai so motarsa ta mutu da magariba ba ce.

Inda man yake zuwa

A nan ne batun ya shigo fagen ilimin halittu. Shinaka da maƙwabtanta suna rayuwa ne a kan Gulbin Rima da madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Man da ya ɗiga a tasha ko a bakin gulbi inda ake wankin mota ba ya ɓacewa. A ƙasa, yakan lulluɓe ƙwayoyin yashi har ruwa ya kasa shiga, saiwa ta rasa iska. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu iya cin sa, amma a hankali suke yi, suna kuma kwashe sinadarin naitirojin da shuka take bukata. A ruwa, yakan bazu ya zama fata a sama. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa galan ɗaya na tsohon mai ya isa ya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Da wannan fata ce likita William Gorgas ya yaƙi sauro lokacin haƙa mashigin Panama daga 1904: ana zuba mai a kan kududdufai, tsutsar sauro ta kasa numfashi ta mutu. To, ba tsutsar sauro kaɗai take bukatar saman ruwa ba; ƙwarin da kifi yake ci da 'ya'yan kwaɗi ma abin yana shafarsu.

Tsohon mai ya fi sabo illa, domin ya kwaso garin ƙarfe da sinadaran ƙuna irin na kunkunniya. Tun 1775 likita Percivall Pott na Landan ya lura da cutar daji a jikin masu share bututun hayaƙi, a 1933 kuma aka ware ɗaya daga cikin sinadaran da suke haddasa ta, mai suna benzofairin. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa yawan shafa tsohon man inji a fata yana jawo wannan cuta. Saboda haka al'adar shafa baƙin mai a gyambon jaki ko a jikin akuya don kashe kaska, ko yaran gareji su wanke hannu da fetur su ci abinci, ba ta da kyau ko kaɗan. Injin ban ruwa da yake zaune a bakin rijiyar fadama yana yoyo ya ma fi mota kusa da abin da muke ci.

Da gari ya waye muka koma wurin dillalin. Kwalin yana da tabo uku. Biyu ƙanana ne, daga marfin sama. Na ukun ya kai faɗin tafin hannu, daidai mahaɗar inji da giya. Makanikin da muka zo da shi ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya faɗi kuɗin aiki, ya ƙara da cewa sil ɗin irin wannan mota sai an aika Kano ko Legas. Dillalin ya ce a rage. Ƙanena ya daɗe yana kallon jar motar, sannan ya haƙura da ɗan abin da ya bayar na kafin alƙalami, ya hau babur ɗinsa. Kafin ya tayar na durƙusa na leƙa ƙarƙashin babur ɗin. Shi ma yana ɗiga, daga kushin juye, amma wannan kam wasa ɗaya ya ishe shi.