A Gina Dakalin Laka a Gaban Murhu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗawa a kwarin Dallol Bosso, zana da karan hatsi sun bushe ƙayau. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye ɗaki da rumbu.

Mata da yawa a Filinge da ƙauyukan Kurfai sun san murhu Mai Sauƙi na ƙarfe da murhu Albarka na laka, waɗanda aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980 domin rage cin itace. To, amma kowane murhu bakinsa a buɗe yake. Idan itace ya ci rabi, sai ya faɗo waje da wutarsa. A wani gida wajen Shikal na tarar da tabarma taki ɗaya daga wuta, yaro mai rarrafe yana bisa, uwar ta tafi rijiya. Maganin wannan shi ne dakali.

A ɗebo laka daga bakin tafki, domin rairayin tudu ba ya kamawa. A haɗa ta da kashin jaki da ƙaiƙayi, a kwaɓa sosai, a rufe ta kwana uku kamar yadda magina ke yi. Sa'an nan a share gaban murhu, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa lakar: tsawo kamu biyu, faɗi kamu biyu, kauri yatsa huɗu. A ɗaga gefensa kamar bakin faranti, don ya tare garwashi da toka.

A kula da abu guda. Kada dakalin ya fi bakin murhu tudu. In ya fi, ya toshe hanyar iska, sai hayaƙi ya cika madafa, uwargida ta rushe aikin, kuma da gaskiyarta.

A bar shi ya bushe a inuwa mako ɗaya, a liƙe inda ya tsage. Ba sai an sayi siminti ba; zafi na fasa shi. Zana da tarin itace su yi nisan taki uku.

Idan duk da haka yaro ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20. Kada a shafa tawada ko kashin shanu ko man goge haƙori. A lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi gidan likita nan take.