Laka, fulawa da yatsun yara

A Kwaciri da sauran unguwannin Fagge har Sabon Gari, ba wuya ka ga an damƙa wa ɗan shekara 3 fensir an ce ya cika shafi. Ko kun san ƙasusuwa 8 na wuyan hannu duk guringuntsi ne ranar da aka haifi jariri? A hankali suke ƙwari, na ƙarshensu sai yaro ya kai wajen shekara 9 zuwa 12.

Naman da ke lanƙwasa yatsu kuma ba a cikin yatsun yake ba. Yana tafin hannu da ƙasan gwiwar hannu, jijiyoyi ne ke jawo yatsun. Matsawa da murzawa da mulmulawa su ke ƙarfafa shi. Yarinyar da ke gefen uwarta tana gutsuro ƙulli, tana murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya, yatsun da za ta riƙe alƙalami da su gobe take horarwa.

Play-Doh, ƙullin wasan da ya cika duniya, asalinsa na goge baƙin hayaƙin kwal ne daga bangon ɗakuna a Amurka. Kasuwarsa ta mutu, wata malamar yara ta ba ɗalibanta suka yi wasa da shi, sai aka koma sayar da shi a matsayin kayan wasa a 1956. Plasticine ya girme shi: William Harbutt, malamin zane a Ingila, ya haɗa shi a 1897 don lakar ɗalibansa na saurin bushewa.

Mu kuwa da damina muka san abin. Yara su ɗebo laka su gina sa, har da tozo, su kafa masa tsinke a matsayin ƙaho, 'yan mata na can suna tuwon ƙasa. Duba bayan naira 20: Ladi Kwali ce, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a wurin 'yar uwar iyayenta.

Yanzu siminti ya cinye filaye, lakar bakin kwata kuma cuta ce. Amma ana iya haɗa ƙullin wasa a gida: gwangwani 2 na fulawa, 1 na gishiri, ruwa da ɗan mai, ƙulli ya haɗu. Sai dai gishirin ya yi yawa ga cikin yaro, kada a bari ya ci.

Iyaye da malaman nazare, ku ba hannun nan ƙulli ya murza kafin ku matsa masa da fensir.