Gabas da Kano: Ziyarar Gaya da Ajingi

Baƙon da ya zo hutu Kano yakan hau Dala, ya leƙa Kasuwar Kurmi, ya tsaya a marinar Ƙofar Mata, sannan ya koma gida yana cewa ya ga Kano. Shirinmu na yau na cewa da sauransa. Wanda bai fita gabas ba, bai ƙetare gadar Wudil ya isa Gaya da Ajingi ba, reshe ya gani, tushen yana can.

Hujjarmu ta farko tarihi ne. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama gindin Dala suna haƙar tama daga Gaya suka taso, shi ya sa har yau ake kiran zuriyarsu Abagayawa. A cikin wannan ruwaya ma, sunan birnin kansa na wani maƙeri ne daga cikinsu, mai suna Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Gaya tun zamanin Sarki Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Sarautar da ta kai wannan tsufa ba ƙaramar aba ba ce, kuma ko a kwanan nan an ga nauyinta: an ɗaga Gaya ta zama masarauta a 2019, aka rushe tsarin a 2024, sannan a cikin 2024 ɗin aka dawo da ita mai daraja ta biyu, tana riƙe da Gaya da Ajingi da Albasu. Duk ɓangaren da mutum yake a taƙaddamar da ake yi kan wannan masarauta, abin takaici ne a ce yaran birni sun san sunan Gaya a bakin 'yan siyasa, amma ba su taɓa tsayawa ƙofar fadarta ba.

Sai kuma ruwa. A ƙasashe irin su Wales ta Birtaniya, iyali kan kama ɗaki a karkara su riƙa zagaya ƙananan garuruwa da ƙauyukan bakin teku, kuma da kuɗin waɗannan baƙi masu shaguna da yawa suke cin abinci. Mu ba mu da teku, amma muna da kogin da ya haɗa ruwan Kano da na Challawa, ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja. Gefensa akwai masunta da masu noman rani, akwai fadamar da take kore shar lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Wanda ya bi ta ƙasar Ajingi da rani zai gane inda kayan miyar da yake saye a birni suke fitowa, zai kuma ji daga bakin manoma abin da ambaliya take yi musu idan damina ta yi nauyi.

Wani zai ce, to ina masauki? Gaskiya ne masaukin baƙi a waɗannan garuruwa bai taka kara ya karya ba. Amma tafiyar ta yini guda ce: mutum ya kwana Kano ko Dutse, ya yi sammako, ya dawo kafin magariba, domin babbar hanyar da ta nufi Maiduguri ta nan ta bi. Kuma masauki baƙo yake bi. Ba wanda zai gina ɗaki ga mutumin da bai taɓa zuwa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma mun ɗauke shi da muhimmanci: kada a mayar da mutanen karkara abin kallo, ana ɗaukar hotonsu da waya ba sallama ba izini. Wannan tsoro yana kan hanya. Maganinsa yana cikin al'adarmu ta ziyara. Ka sauka ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka ce ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni. Ka zo ranar kasuwa, kamar Juma'ar Wudil da karar shanunta, ka sayi tukunya a hannun maginiya, kifi a hannun masunci, ba tare da ka karya musu farashi ba. Malaman makaranta kuma, masu kai ɗalibai gidan zoo duk shekara, su gwada kai su Gaya sau ɗaya, su nemi dattijon da zai ba yaran labarin garin, su biya shi ladan bakinsa.