Motar da aka yi wa ƙari: duba ta kafin ka ƙirga kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Batsari ranar kasuwa ya san ta. Golf ce mai dogon baya, an ɗaga ƙugunta sama kamar za ta kifa da goshi, ba ta daidaita sai an jibga mata buhunan rogo da dankali. Ba haka ta fito daga kamfanin Volkswagen na Jamus ba. Samfurin da direbobi ke kira Golf 3 an fara ƙera shi a 1991, na dogon bayan kuma an daina a 1999, don haka autarsu ma ta ba shekara 25 baya. Hannuwa da yawa sun shiga cikinta, kowane hannu da abin da ya cire da abin da ya ƙara. Ran da aka sa ta kasuwa, waɗannan ƙare-ƙaren ne dillali zai fara lissafa maka: an sa mata babban inji, an ɗaga ta, ba ta san zafi ba.

Mota aune take. Wanda ya ƙera ta ya auna inji da giya da burki da lagireto da ƙafafu, kowanne daidai nauyin ɗan'uwansa. In aka ƙara wa ɗaya, sauran ne ke biyan bashin.

Mu fara da inji, tunda shi ne ke jan hankalin matasa. Golf 3 ta gama-gari mai lita 1.8 tana da ƙarfin doki 75 ko 90. GTI mai lita 2 tana da 115, VR6 mai lita 2.8 kuma 174. Amma kamfanin bai saka waɗannan injinan a gangar jikin ƙaramar ya tsaya nan ba, sai da ya ba su manyan faifan burki da tayoyi masu faɗi da sifirin da ya dace da su. A garejin unguwa kuwa, sau da yawa injin kaɗai ake saukewa a ɗora wani, burkin da ya zo da ƙaramin inji yana nan yadda yake. Ga kuma lissafin da ba ya sauyawa: in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya ninkawa yake sau huɗu. Wanda ya tashi daga gudun kilomita 80 zuwa 120 yana bukatar fili fiye da ninki biyu. A hanyar Katsina zuwa Batsari, inda jaki ko ɗan acaɓa kan faɗo titi ba sallama, wa zai ba ka wannan filin?

Sai batun zafi, wanda a ganina ya fi kowanne ɓoye ta'asa. Akwai wani ɗan murfi a hanyar ruwan inji da ke buɗewa da rufewa da kansa, don ya riƙe injin a wajen maki 90 na zafi, inda ya fi aiki lafiya. Makanikai da dama kan cire shi su haɗa fanka kai tsaye, su ce ƙasarmu da rana. Abin da ke biyo baya shi ne, da safiyar hunturu injin ba ya ɗumama da wuri, yana zuƙar mai, yana cin kansa a hankali. Abin da ya fi wannan muni, sau tari an yi dabarar ne domin motar ta taɓa tafasa, ba a kuma gyara asalin ciwon ba. Saboda haka kada ka yarda a kawo maka ita da ɗuminta. Je ka same ta da sassafe inda ta kwana, a tayar a gabanka. Buɗe murfin baƙin mai; in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na haɗuwa da mai. In lagireto na fitar da kumfa tun inji bai yi zafi ba, ciwon ya yi nisa.

Ɗaga mota ba laifi ba ne. Wanda ke shiga ƙauyukan Runka da Ruma da damina ya san amfanin tsayin ƙasa, kuma ƙarfen da ake ɗaurawa ƙarƙashin inji don kare tukunyar baƙin mai ƙari ne mai albarka. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa aka ɗaga ta. Sifirin mai tauri na nufin ta sha lodi fiye da ƙima, kuma nauyin da sifirin ya ƙi sha, jikin motar ne ya sha shi. A hau da ita kan rami, ka shiga da tocila ka bi inda ƙafafun baya suka kama jiki. Sabuwar walda ko tsagewa a wurin ta fi bakin dillali gaskiya. Duba tankin mai ma. A yankin da ke maƙwabtaka da Jibiya da hanyar Maraɗi, an daɗe ana faɗaɗa tanki don fiton mai, kuma tankin da aka yi wa walda a gefen titi wuta ce a ƙarƙashin kujerar iyalinka.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, an samu sabon ƙari, wato tukunyar gas a but. Matsin da ke cikinta ya ninka na iskar tayar mota kusan sau 90. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin, aka gano tukunyarta haɗin masu walda ce. Nemi shaidar cibiyar da ta yi aikin, ka kuma san inda za ka riƙa ɗurawa.

Takardu kuwa, lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ta dace da abin da aka rubuta. In an sauya inji, a nuna maka rasiɗin wanda ya sayar da shi, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko daga ina. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka takardar kwastan ba abin wasa ba ce, balle a hanyoyin da shingayen jami'an tsaro suka yi yawa.

Na nace a kan wannan ne saboda halin rashin tsaron da yankinmu yake ciki. A wani wurin, motar da ta mace a hanya asarar yini ce. Tsakanin Safana da Batsari, a gefen dajin Rugu, macewar mota bayan la'asar magana ce ta rai. Ɗan'uwa, tafi da makanikenka, ba na mai motar ba, ka biya shi ladan dubawa, ka tambayi wanda ya yi kowane ƙari da dalilinsa. In mai motar ya ƙi a hau da ita rami, mayar da kuɗinka aljihu ka nemi wadda ba a taɓa injinta ba.