Hattara Da Baƙin Gilashin Mota

A cikin hunturun bara, wata ranar Laraba gab da magariba, wata yarinya 'yar aji huɗu a makarantar da muke koyarwa a Yendi tana dawowa daga makarantar allo, sai wata mota da ke ja da baya daga bakin wani kanti ta buge ta, ƙafarta ta dama ta karye. Da muka isa wurin muka tarar mai motar ba baƙo ba ne, mutum ne kamili wanda sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci, ba mashayi ba ne, ba kuma gudu yake yi ba. Abin da yake ta maimaita mana shi ne, "Malam, wallahi na duba madubi, ban ga kowa ba." Bayan an tafi da yarinyar asibiti sai muka shiga motar muka waiwaya baya, nan take muka gaskata shi. A waje akwai sauran hasken da mutum zai iya karanta wasiƙa, amma a cikin motar nan sai ka ce an yi sallar isha'i. Ashe mako biyu ke nan da ya kai ta Kumasi aka liƙa wa gilasanta baƙar leda.

Duk wanda ke bin hanyar Tamale zuwa Salaga, ko Yendi zuwa Bawku, ya san wannan abu ya zama yayi. Da can sai motar babban ma'aikaci ko ta wani attajiri, amma yanzu har ƙananan motocin samari da na haya an baƙanta su. In ka tambayi masu su dalili, ɗaya daga cikin uku za su faɗa maka: zafin rana, ko suturta iyali daga idon jama'a, ko kuwa gudun ɓarayi kada su hango kayan da ke ciki. Akwai dalili na huɗu wanda ba a cika faɗa ba, wato son a ce wane ya isa. Ba mu raina ukun farko ba, domin wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a Bawku cikin watan Maris, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san ba wasa ba ne. Amma kafin mu kai ga magani, bari mu fara da doka.

Dokar zirga-zirgar motoci ta Ghana ta shekarar 2012, wadda aka fi sani da L.I. 2180, ta hana tuƙa motar da aka baƙanta gilashinta na gaba, wato wanda direba ke duban hanya ta cikinsa. Gilasan da ta yarda a sa wa launi kuwa, ta gindaya sharaɗin cewa lalle ne su bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya shige, kuma ta faɗi dalili: domin waɗanda ke ciki su ga waje, na waje su ma su gan su. 'Yan sandan kula da hanya na MTTD su ne ke da alhakin tsare wanda ya saɓa, suna iya sa shi ya ɓare ledar, suna kuma iya kai shi kotu a ci shi tara. Ba Ghana kaɗai ke da irin wannan doka ba. A Ingila gilashin gaba sai ya bar kashi 75, na gefen direba kuwa kashi 70. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna da tasu tun 1991, kuma a 2025 da 'yan sandansu suka farfaɗo da batun takardar izinin baƙin gilashi, sai da ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta kai maganar gaban kotu.

To, a nan ne masu motoci da yawa ke ruɗuwa, sai mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. Gilashin mota, ko da ba a liƙa masa komai ba, ba ya barin dukkan haske ya wuce; yawancinsa tsakanin kashi 70 ne zuwa 85. In gilashinka na barin kashi 80, ka zo ka ɗora masa ledar da aka rubuta 35 a jikin kwalinta, ninkawa ake yi, abin da zai iso idonka kashi 28 ne kawai. In kuwa baƙa ƙirin ɗin nan ce mai lamba 5, saura kashi 4. Ke nan kusan duk ledar da ido zai iya gane duhunta daga nesa ta riga ta faɗo ƙasa da abin da doka ta yarda. Mai liƙawa ba zai gaya maka haka ba, shi kuɗin aikinsa yake nema.

Sa'an nan mu dubi irin hanyoyinmu. Wanda ke tuƙi a tsakiyar Ankara yana da fitilun titi suna taimakonsa. Mu kuwa da zarar ka bar gari, babu wani haske sai na fitilar motarka. Su wa ke kan hanyar? Manomi ne a kan keke ba ko ɗan madubi a bayansa, da mata ɗauke da itace, da babur mai ƙafa uku shaƙe da doya ya nufo kasuwar Salaga, da amalanken jaki ɗauke da albasa a kewayen Bawku, da garken shanu da ke tsallakawa ba sallama. Babu ɗayansu da ke da fitilar kirki, kuma ta gefe suke ɓullowa, wato ta wajen gilashin da aka fi baƙantawa. A ƙara da hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da jar ƙurar da babbar mota kan tayar a inda kwalta ta ƙare. Wanda ya taɓa hawa ko gangara tudun Nakpanduri da dare, a kan hanyar da ta taso daga Yendi ta bi ta Gushegu zuwa Bawku, ya san wurin da direba ke bukatar kowane ɗigon haske.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. In duhun gilashi ya sa direba ya makara da daƙiƙa biyu kacal wajen ganin mai keke, ya riga ya ci mita 44 kafin ƙafarsa ta nemi birki. Ko a cikin gari, inda doka ta ƙayyade kilomita 50, mita 14 ne a daƙiƙa, ya fi tsawon ɗakin aji. Bugu da ƙari, ido yana tsufa kamar sauran jiki. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan sulusin wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Su kuwa dattawanmu, Alhazai da manyan 'yan kasuwa, su ne suka fi ikon sayen irin waɗannan motoci. Kowace shekara fiye da mutum 2,000 ke rasa rayukansu a hanyoyin Ghana, da yawansu masu tafiya a ƙasa ne da masu babur. Ba mu ce baƙin gilashi ne ya kashe su duka ba, amma ba shi da kyau mu ƙara wa Borno dawaki.

Akwai kuma ɗaya rabin maganar, wato a ga direba. A makaranta muna koya wa yara cewa kafin su tsallaka titi su dubi fuskar direba, in ya gan su ya ɗaga musu hannu sa'an nan su wuce. To, yaya yaro zai dubi fuskar da aka ɓoye? Haka mai babur a mararraba, da idon direba yake gane ko za a ba shi hanya. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro tun daga Kano da Katsina, kowane ayari yana da jagaba a gaba wanda aikinsa duban hanya ne, kuma ba su shiga gari sai an san ko su wane ne. Da wannan hali na fito-fili suka sami wurin zama a ƙasar mutane, har aka kafa zangunan da muke ciki yau.

Wannan batu ya fi nauyi a Bawku. Kowa ya san yadda rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusawa ya daɗe yana hana garin barci, da dokar hana fitar dare, da shingayen sojoji da 'yan sanda. A ƙarshen 2021 har batakari aka hana sawa a garin, don kada a ɓoye makami a ƙarƙashinta, an kuma sha hana maza hawa babur. Mu mutanen zango ba mu da ɓangare a wannan rigima, fatanmu kullum Allah ya kawo ƙarshenta. Amma a garin da aka taɓa jin tsoron riga, me ake tsammani daga motar da ba a ganin cikinta? Jami'in da ke tsaye a shinge da bindiga a hannu shi ma ɗan Adam ne mai tsoron ransa. Shawararmu ga duk wanda zai bi ta wajen ita ce, tun daga nesa ya rage gudu, ya sauke gilasai duka, in dare ne ya kunna fitilar cikin mota.

To, ina maganin zafin? Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan rabin zafin rana yana zuwa ne cikin wani irin haske da ido ba ya gani, saboda haka duhun leda ba shi ne ma'aunin sanyinta ba. Baƙar leda mai araha duhu take kawowa fiye da sanyi, ba ta kuma daɗewa take koɗewa ta yi ƙuraje. Akwai mai haske garau wadda ke tare zafi, sai dai ta fi tsada, kuma ita ma sai an tabbata ba ta sauko da gilashin ƙasa da kashi 70 ba. Wanda ba shi da halinta, ga inuwar dalbejiya kyauta, ga kwali ko tabarma a shimfiɗa a gilashin gaba in an ajiye mota, a buɗe ƙofofi iska ta ratsa kafin a shiga. Kayan da ake jin tsoron ɓarawo ya hango, a sa su a but. Game da suturta iyali kuwa, mayafin uwargida ya ishe ta sutura, ba sai an makantar da mai tuƙa ta ba. Masu sayen motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema su lura, wasu da baƙin gilashin baya suke zuwa tun daga masana'anta, ba leda ba ce balle a ɓare, gara a tambayi ofishin DVLA kafin a biya kuɗi.

Muna roƙon limamanmu da sarakunan zango da shugabannin direbobi a tashoshin Salaga da Yendi da Bawku su sa baki a wannan magana, domin abin da babba ya faɗa a masallaci ko a tasha ya fi takardar sammaci shiga kunne. Gwajin ba wuya: ka sa ɗanka ya zauna a kujerar direba da rana, ka ja da baya taku goma. In ba ka gane fuskarsa ba, gilashinka ya yi duhu.

Yarinyarmu ta dawo makaranta bayan wata biyu, tana ɗan ɗingishi, ta kuma rasa jarrabawar zangon karatu guda. Mai motar shi ya biya kuɗin magani duka, kuma kashegarin abin, da hannunsa ya ɓare ledar a ƙofar gidansa, yara suna kallo. Allah ya ƙara mata lafiya, ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, amin.