Makarantun Sana'a a Tasawa da Mayahi: Me Hannun Ɗalibi Ya Iya?

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace na da mutum fiye da rabin miliyan, kuma kusan rabin al'ummar Nijar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ne ke rabonta, damina kuwa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Da an kai gero rumbu, samari sai su kama hanyar cin rani, wasu Katsina da Kano, wasu Agadas da Libiya. A irin wannan ƙasa, abin da ya kamata a tambayi makarantar koyon sana'a shi ne: yaron da ya fito daga cikinta, me hannunsa ya iya yi wanda wani zai ciro kuɗi ya biya? Da wannan ma'auni ake gane nasarar ɗalibin fasaha. Maki da takardar shaida suna da amfani ne gwargwadon yadda suka faɗi gaskiya a kan wannan iyawa.

An daɗe hanyar ilimin fasaha a jihar Maraɗi tana da ƙunci. Wanda ya yi sa'a ya samu gurbi a Lisen Fasaha ta Ɗan Kasawa da ke birnin Maraɗi, sauran kuwa sai karatun bai-ɗaya ko gida. Daga 2011 gwamnati ta ɗauki alkawarin ɗaga kason masu koyon fasaha da sana'a daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 25 a 2015, sannan zuwa 40 a 2021. Aka tsara cewa kowace gunduma ta samu kwalejin fasaha, wato CET, inda yaro ke shiga bayan firamare har ya fito da takardar CAP, kowace ƙaramar hukuma kuma ta samu cibiyar koyon sana'a, wato CFM. Tasawa na da ƙananan hukumomi 7, irin su Maijirgi, Korgom da Urafan, Mayahi na da 8, irin su Kanan Bakashe, Cake da Sarkin Hausa. Kusanto da makaranta ga waɗannan garuruwa babban aiki ne, domin talaka ba shi da halin kama wa ɗansa ɗaki a Maraɗi. Sai dai ƙirga kawunan da aka rubuta a rajista abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne abin da ke faruwa a ɗakin aiki.

Koyon aikin hannu yana cin kaya, kuma nan ne bambancinsa da sauran karatu. Malamin tarihi zai shekara da allo da alli. Malamin walda kuwa, kowane darasi yana ƙona sandar walda, yana yanka ƙarfe, yana shan wuta. Sai yaro ya ɓata ƙarfe sau da yawa kafin hannunsa ya san tazarar da zai bari tsakanin sanda da ƙarfe, ya san ƙarfin wutar da ke haɗa falle mai sirara ba tare da ta huda shi ba. Haka ɗinki: wadda ba ta taɓa yanka yadi ta ga ya lalace ba, ba za ta iya yanka shaddar mutane ranar jajiberin salla ba. A ɗauki wutar hasken rana, wadda faranta suka fara yawaita a kan rufin shaguna da wuraren cajin waya a ƙauyuka. Ɗalibi zai iya zana faranti da batir da na'urar daidaita caji a takarda, ya ci maki cikakke. Amma sai ya riƙe na'urar awo da hannunsa, ya lissafa wutar da fanka da ƙwan lantarki da firji za su sha, ya zaɓi kaurin wayar da ba za ta yi zafi ba, sannan zai gane dalilin da ya sa batir ke mutuwa cikin ƴan watanni idan aka yi ta zuƙe shi har ƙasa. Saboda haka kwalejin da ke da azuzuwa ba ta da ɗakin aiki mai kaya da wuta, makarantar boko ce kawai da aka sauya wa suna. Wutar ma ba abin dogaro ba ce: har zuwa 2023 Nijar na sayen kaso mafi yawa na lantarkinta daga Najeriya ne, kuma kowa ya ga halin da masu walda da niƙa suka shiga da aka yanke ta a watan Agustan 2023.

Akwai masu cewa, to in haka ne, me ya sa za a kashe kuɗi? Ga garejoji da shagunan teloli da kafintoci a bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da ta ratsa Tasawa, sun daɗe suna yaye yara ba da sisin gwamnati ba. Wannan magana tana da nauyi, domin yawancin masu sana'ar da ke ciyar da iyali a yau a hannun maigida suka koya. Yaron shago yana taɓa aiki na gaske, yana jin faɗan mai babur idan gyara bai yi ba, yana koyon ciniki. Amma yakan yi shekaru yana wanke kayan aiki da zuwa aike kafin a bari ya kwance inji, kuma iliminsa ba ya wuce na maigidansa. Idan maigida bai iya karanta zanen wayoyi ba, yaransa ma ba za su iya ba. Makaranta na da lissafi da awo da ƙa'idar kare kai daga haɗari, kasuwa na da aiki da kaya da abokan ciniki. Hanyar da ta dace da aljihun Nijar ita ce a haɗa su: kwanaki a aji, kwanaki a shagon maigidan da aka tantance. A kan wannan tsari Jamus da Suwizalan suka gina ma'aikatansu, kuma Nijar tana da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa horon sana'a da koyo a hannun masu gida.

Uzuri na biyu daga iyaye yake fitowa, masu ganin makarantar sana'a wurin waɗanda boko ya kayar ce. Ba za a zarge su ba, tun da an saba tura yaro can ne bayan ya kasa. Amma aikin ofis da suke hange bai isa kowa ba, kuma mafi yawan malaman makarantun gwamnati ma da kwantiragi suke aiki. Abin da zai sauya ra'ayin uba shi ne ya ga ƙofar ƙarfen da ɗansa ya haɗa an kafa ta a gidan maƙwabci, ya kuma tabbata hanya a buɗe take ga mai ƙoƙari ya wuce gaba, har sashen fasaha na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ƴan mata ma suna da haƙƙi a nan. Tsare su a ɗinki kaɗai yana cika kasuwa da teloli fiye da buƙata, alhali gyaran waya da haɗa wutar rana ba su buƙatar ƙarfin ƙirji.

Ya kamata darasin ya kalli arzikin da ke ƙasa. Mayahi na da goriba a kwarin Gulbin Kaba, inda kaba ke zama tabarma da igiya. Yankin na noma gyaɗa da wake, mata na matse mai da tuya ƙuliƙuli, ga jar akuyar Maraɗi mai fatar da aka san darajarta har ƙetare. Duk waɗannan na buƙatar wanda zai ƙera injin ɓarar gyaɗa da na matsar mai, ya gyara famfon rijiyar burtsatse, ya jeme fata da kyau. Wasu za su ce wanda ya koya zai tafi Najeriya da iliminsa. Zai iya tafiya, amma wanda ya isa Kano da sana'ar walda ba zai yi tallar ruwa a kura ba, kuma abin da zai aiko gida ya fi. Don a san ko ana samun wannan sakamako, a sa ƙwararrun masu gida na kasuwar Tasawa da Mayahi cikin masu duba jarrabawar aikin hannu, kowace makaranta kuma ta riƙa bin sawun ɗalibanta shekara guda bayan fita, ta bayyana wa iyaye nawa ne ke cin abinci da sana'ar da ta koya musu.